FILIN KIWO: Yadda Ake Koya Wa Ɗan Zomo Tsabta Da Cin Ingirici

A wannan mako za mu waiwayi wata 'yar dabba wadda ta samu gindin zama a gidajen birni da na ƙauye, watau zomo. Wani yakan ajiye shi domin nama, wani domin 'yan kuɗin kashewa, wani kuwa sha'awa ce kurum, ko kuma yara ne suka matsa sai da aka sayo musu. Ko mene ne dalili, ƙorafi biyu aka fi ji daga bakin masu wannan kiwo. Na farko na uwargida ne, wadda takan ce zomo ya hana ta sakat da fitsari da kashi a kowane lungu na gida. Na biyu kuwa na yara ne, waɗanda sukan wayi gari su tarar ɗan zomon da ke tsalle-tsalle jiya ya kumbura ya mutu, alhali ba a ga wani ciwo a jikinsa ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne waɗannan matsaloli biyu maganinsu yana wuri guda. Maganin kuwa bai wuce damin busasshiyar ciyawa ba, watau ingirici, da ɗan bahon roba, da kuma haƙuri na makonni kaɗan.

ASALIN ZOMON GIDA

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu san dabbar da muke magana a kanta. Zomon da ake kiwo a gida dabam yake da zomon dajinmu na tatsuniya, wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu. Zomon daji ana haifarsa da gashi, idonsa a buɗe, kuma a sarari yake kwana cikin ciyawa. Zomon gida kuwa, kowane irin launi gare shi, asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal da kudancin Faransa yake, inda kakanninsa ke haƙa ramuka su zauna jama'a-jama'a a ƙarƙashin ƙasa. Zomanya takan yi kimanin kwana 31 da ciki, ta haifi 'ya'ya tsirara, idanunsu a rufe, ba su buɗewa sai wajen kwana 10.

Kiwon zomo domin nama ya samu ƙarfi a Afirka ta Yamma tun shekarun 1970. A ƙasar Ghana, alal misali, gwamnati ta kafa wani shiri na musamman na kiwon zomo a 1972, cikin yunƙurinta na ganin jama'a sun ciyar da kansu. A nan gida Nijeriya kuma, Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana cikin wuraren da ake nazarin wannan dabba. Amma ajiye zomo a cikin ɗaki kamar kyanwa, ya riƙa yawo yana komawa makewayinsa, al'ada ce da ta bunƙasa a Amurka da Ingila. Har ƙungiya aka kafa domin wannan a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1988. Ba lalle ne mu kwaikwayi duk abin da suke yi ba, amma abin da suka gano game da halin zomo yana da amfani ga mai keji a bayan ɗaki kamar yadda yake da amfani ga mai zomo a tsakar gida.

HALIN DA ZA A YI AMFANI DA SHI

Zomo dabba ce mai tsari. A can daji, kowace jama'ar zomaye tana da wuraren da ta keɓe inda ake tara kashi, kuma wannan tari shi ne alamar iyakar ƙasarsu ga baƙi. Zomon gida bai manta da wannan gado ba. Duk wanda ya lura da keji zai ga cewa akwai kusurwa guda wadda kullum ita ce a jiƙe. Saboda haka aikin mai kiwo bai wuce ya gano wurin da zomo ya riga ya zaɓa ba, ya ajiye masa mazubi a nan.

Hali na biyu shi ne, zomo yakan yi kashi a daidai lokacin da yake cin abinci. Baki na tauna, baya na zubarwa. Zomo lafiyayye yakan zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a kwana guda. To, idan aka rataya ingirici a saman mazubin nan, zomo zai shiga ciki ya zauna domin ya ci, kuma mafi yawan abin da zai fitar a ciki zai faɗa. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

YADDA ZA A SHIRYA MAKEWAYI

Da farko a sami bahon roba ko tire mai ɗan zurfi, wanda zomo zai iya shiga ya juya a ciki ba tare da takura ba. Ga ɗan zomo ƙarami, kada bakin bahon ya yi tsawon da zai gagare shi haurawa. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ninki uku ko huɗu, domin su tsotse fitsari. Ko wannan jarida da ke hannunka, mai karatu, in ka gama da ita za ta yi aikin, muddin an cire shafukan da ke ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah. A bisa jaridun sai a baza busasshiyar ciyawa. A guji garin katako mai laushi, domin ƙurarsa tana shiga hanci da huhu. Haka nan a guji yashin kanti da ake sayarwa domin kyanwa, irin mai dunƙulewa in ya jiƙe, gama in zomo ya haɗiye shi yana iya toshe masa hanji.

Na biyu, a taƙaita masa wuri. Babban abin da ke ɓata wannan horo shi ne a sayo ɗan zomo yau, a sake shi ya mamaye gida gaba ɗaya. A makon farko a killace shi a wurin da bai wuce faɗin tabarma guda ba, da bahonsa a kusurwa, da ruwansa, da wani ɗan akwati ko kwali inda zai ɓuya in ya tsorata. In ya nuna ya fi son wata kusurwa dabam, kada a yi jayayya da shi, sai a mayar da bahon can.

Na uku, a bar hancinsa ya yi masa jagora. Duk ƙwayar kashin da aka gani a waje, a share ta a zuba cikin baho. In ya yi fitsari a ƙasa, a goge da takarda a sa takardar a cikin baho, sa'an nan a wanke wurin sarai da ruwan khal, watau binega, ko da ruwan lemun tsami, har warin ya ɓace. Fitsarin zomo yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, shi ya sa yakan bar farin tabo kamar alli, kuma abu mai tsami ne ke narkar da shi. Idan aka bar wari a wani wuri, to an yi masa izini ke nan ya koma can.

Na huɗu, a riƙa ƙara masa fili sannu a hankali. In ya yi kwana uku ko huɗu bai yi fitsari a waje ba, a buɗe masa kaɗan, ana kallonsa. Zomon da zai yi fitsari yakan ja da baya zuwa kusurwa ya ɗaga wutsiya. Da an ga haka sai a kora shi a hankali zuwa baho. In ya shiga ya yi, a miƙa masa ɗan ganyen da yake so. In fili ya yi yawa, a ƙara baho na biyu. In kuwa ya koma ɓarna, a sake rage filin a faro daga baya. Kafin a sake shi cikin ɗaki, a tabbata an ɗauke wayoyin lantarki daga ƙasa, domin zai gwaguye su.

Duka da tsawa ba su da wani amfani a nan. Zomo ba ya haɗa bugun da aka yi masa da fitsarin da ya yi ɗazu, abin da zai koya kawai shi ne gudun mutum. Kuma a hana yara ɗaukarsa ta kunne. Ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari idan aka gwada da ƙarfin ƙafafunsa na baya, in ya yi fizga yana reto a sama yana iya karya gadon bayansa. A tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, gindinsa da ɗaya.

Lalle ne a kwashe abin da ke cikin baho kowace rana. Wannan ya wuce maganar wari. Akwai wata cuta da likitoci ke kira koksidiyosis, wadda masu kiwon kaji sun san ta, kuma tana cikin manyan masu kashe 'ya'yan zomo bayan yaye. Ƙwayayenta suna fita cikin kashi, amma ba su iya kama wani sai sun yi kwana ɗaya ko biyu ko fiye a waje cikin danshi. Wanda ke kwashe kashi kullum ya datse wa cutar hanya. Abin da aka kwashe kuwa taki ne mai kyau ga lambu da shukar gida.

IN YA BALAGA

Ya kamata mu gaya wa mai karatu gaskiya, ɗan zomo ƙarami kamar yaron goye yake, riƙonsa ba shi da ƙarfi, saboda haka kada a sa ran zai ƙware cikin mako guda. Bugu da ƙari, tsakanin wata 3 zuwa wata 6 zomo yakan balaga, sai a ga wanda ya riga ya natsu ya birkice, yana warwatsa kashi, namiji kuma yana fesa fitsari a bango, wani lokaci har a ƙafar mai shi. Wannan shelar mallakar wuri ce yake yi. Mai kiwo domin haihuwa sai ya yi haƙuri da haka, ya ware kowane balagagge a kejinsa, kuma ya raba maza da mata tun suna wata 3 domin kada a sami cikin da ba a shirya ba. Amma wanda ya ajiye zomo domin sha'awa a cikin gida, abin da ya fi shi ne ya kai wa likitan dabbobi a yi masa fiɗiya, wadda takan rage wannan hali ƙwarai. Muna gargaɗi da babbar murya, kada a yi wa zomo irin dandaƙar da ake yi wa bunsuru a gida. Halittarsa dabam ce, akwai ƙofa a buɗe tsakanin marainansa da cikinsa, wanda bai san aikin ba yana iya jawo hanji ya zazzago.

DON ME INGIRICI?

Yanzu sai mu koma ga ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, gama shi rai ya shafa. Zomo yana da haƙora 28, kuma dukkansu ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kimanin milimita 2 a kowane mako. Abin da ke goge su shi ne doguwar taunar ciyawa mai kaushi, inda muƙamuƙi ke kai da kawowa kamar dutsen niƙa. Zomon da aka saba masa da dusa da tuwo da burodi ba ya samun wannan niƙa. Sai turamensa su yi tsini su riƙa yankar harshe da kumatu, ya dinga dalalar da miyau, ya daina ci, ya rame.

Cikinsa kuma ya fi haƙoransa bukatar ciyawa. A hanjin zomo akwai wata babbar jaka cike da ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ke narka masa ciyawa. Daga wannan jaka yakan fitar da wani kashi na dabam, mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, galibi da dare ko da sassafe, ya karɓe shi da baki tun daga mafita ya haɗiye. Kada wanda ya gani ya yi ƙyama ko ya hana shi, gama ta nan yake samun wasu sinadaran gina jiki da bitamin. Kaushin ciyawa shi ke sa hanji motsi ba tsayawa. In aka cika wa zomo ciki da masara ko dawa ko ƙanzo, sai miyagun ƙwayoyin cuta su rinjayi masu amfani, ciki ya kumbura ko zawo ya tsinke. Zomo kuwa ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Wannan shi ne sirrin mutuwar farat ɗaya da ake yawan gani ga 'ya'yan zomo a makonnin farko bayan an raba su da uwa.

Domin haka masana suka ce ciyawa ta zama aƙalla kaso 80 cikin 100 na abincin zomo. Ma'auni mai sauƙi shi ne a ba shi dami mai girman jikinsa kowace rana, kuma kada a bar mazubin ciyawa ya zama wayam, dare ko rana.

WACE IRIN CIYAWA?

A ƙasashen Turai ana ba 'ya'yan zomo ciyawar alfalfa, wadda take dangin wake ce, mai yawan sinadarin gina jiki da kalsiyam, har su kai wata 6 ko 7, sa'an nan a juya su zuwa ciyawa zalla. Mu a nan Allah ya hore mana makamanciyarta, watau harawar gyaɗa da ta wake. Ɗan zomo mai tasowa da zomanya mai ciki ko mai shayarwa, harawa ta dace da su. Amma babban zomo wanda ba ya aikin komai, harawa zalla takan sa shi ƙiba, fitsarinsa ya yi kauri. Shi sai a rinjayar masa da busasshiyar ciyawa irin su harkiya da kyasuwa da gamba mai ɗanyen jini, harawa ta zama ƙari. Yana da kyau tun yana ƙarami a riƙa cakuɗa masa biyun, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ingirici mai kyau ana yanka shi ne kafin ciyawa ta tsufa ta zubar da 'ya'ya, a shanya ana juyawa har ya bushe sarai, a ajiye a kan rumfa inda ruwa da raɓa ba su kaiwa. Alamarsa ita ce sauran kore a jikinsa da ƙamshi mai daɗi. 'Yan'uwanmu mazauna kudu, irin su Agege a Ikko da Sabo a Ibadan, za su iya samun harawa a wajen masu sayar da raguna, sai dai su yi hattara da danshin can, wanda ke sa ta fumfuna da wuri. Duk harawar da ta yi baƙi-baƙi ko fari-fari ko take warin ruma, a zubar da ita. Fumfunar gyaɗa tana haifar da wata guba mai suna afulatoksin wadda ke lalata hanta, kuma zomo yana cikin dabbobin da ba su jure mata ko kaɗan. Haka kuma kada a yanko ciyawar bakin titi ko ta gonar da aka yi wa feshi.

IN YA ƘI CI FA?

Sau da yawa zomon da ya ƙi ingirici ƙoshi ne ya yi masa yawa. Kamar yaro ne da aka cika da alewa, sa'an nan aka ajiye masa tuwo. Ga dabarun da za a bi.

A rage dusa ko abincin kanti sannu-sannu cikin mako biyu, kada a yanke rana ɗaya, kuma kada a ce za a horar da shi da yunwa. Babban zomo bai bukatar abin da ya wuce kimanin giram 25 na abincin kanti ga kowane kilo na nauyinsa a rana, mai tasowa kuwa a ɗan ƙara masa. A riƙa sabunta ciyawa safe da yamma, domin a waɗannan lokuta ne zomo ya fi ci, kuma ba ya son wadda ta kwana aka tattake. A gwada masa iri biyu ko uku a ga wadda ya fi so. A marmasa busasshen ganyen zogale ko na dankali a cikinta, yadda sai ya tona kafin ya samu. A cusa ta cikin ɗan kwando ko kwali mai huji, gama zomo yana son abin da zai fizgo da kansa. Sa'an nan a tuna da abin da muka faɗa tun farko, a rataya ta a saman baho.

Ruwa kuma wajibi ne. Akwai masu cewa wai zomo ba ya shan ruwa, wannan magana ba ta da tushe, kuma ta hallaka zomaye da yawa. Mai cin busasshen abu tilas ya sha, in babu ruwa sai ya daina ci. A ajiye masa ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba. A lokacin bazara a ninka kula, a sa shi a inuwa mai iska, gama da zarar zafi ya haura digiri 30 zomo yana cikin wahala.

Game da ɗanyen ganye, ɗan zomon da aka sayo ba a san abin da ya saba ci ba, a dakata masa har ya kai mako 12, sa'an nan a fara da iri ɗaya, kaɗan, a duba kashinsa kwana biyu kafin a ƙara wani. Karas da 'ya'yan itace zaƙi gare su, ɗan yanki ya isa. Kada kuma a sayi ɗan zomon da bai kai mako 6 zuwa 8 ba, domin a wajen uwa yake koyon cin ciyawa, kuma cikinsa bai gama ƙwari ba kafin nan.

ALAMUN HATSARI

Wani babban amfanin makewayi shi ne yakan zama madubin lafiyar zomo. Mai kwashe baho kullum shi zai fara ganin canji. Kashi mai kyau manya ne, mulmulallu, busassu, in an murƙushe sai a ga ɓurɓushin ciyawa. In suka koma ƙanana masu tauri, ko suka ragu, to ciyawa ko ruwa ya yi ƙaranci. Fitsari ja-ja ko ruwan goro sau da yawa launin ganye ne kurum, amma in da gudan jini ko zomo yana nishi wajen yi, a nemi likita. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, ya takure yana cizon haƙora, ko ɗan zomon da zawo ya kama, kada a ce sai gobe, a garzaya da shi asibitin dabbobi.

A nan sai mu ja kunne a kan abubuwa biyu. Kada a ɗura wa zomo kafso irin na mutane, musamman ampisilin da amoksisilin da danginsu, gama in sun bi ta baki sukan kashe halittun nan masu amfani na cikin hanjinsa, shi ma ya bi su. Kada kuma a ba shi abincin kaji, domin ba shi da kaushin da zomo ke bukata, kuma wasu magungunan da ake cakuɗawa a ciki guba ne gare shi. Haka nan in aka ga zomaye suna faɗuwa da yawa a lokaci guda, wasu da jini a hanci, a sanar da ma'aikatan dabbobi nan take. Akwai wata annoba ta zubar jini da ke kama zomaye, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, aka kuma tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 2020. Duk sabon zomon da aka sayo a ware shi na aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye, in an sayo wa yaro zomo, a ɗora masa nauyin kwashe baho da sabunta ciyawa da ruwa safe da yamma, amma babba ya riƙa dubawa, domin dabbar da aka tsare ba ta da mai ci da ita sai wanda ya tsare ta, kuma haƙƙinta yana wuyansa. Zomon da aka kula da shi yana iya kai shekara 8 ko fiye. Yaron da ya riƙe wannan amana kuwa ya koyi tsabta da tausayi da cika aiki tun da ƙuruciya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, inda za mu duba yadda ake gina kejin zomo mai sanyi da kayan da ke kusa da hannu.